Yadda ake rubuta shafin akwatin geocaching ba tare da an taka dokar talla ba

A wasan geocaching mutum ne ke ɓoye akwati a wani wuri, ya ɗauki lambobin GPS na wurin, ya wallafa su a intanet, wasu kuma su bi lambobin da waya har su gano akwatin su sa hannu a littafin da ke ciki. An fara shi ranar 3 ga Mayu, 2000, lokacin da Dave Ulmer ya ɓoye bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon ta Amurka, jim kaɗan bayan gwamnatin ƙasar ta daina dagula siginar GPS da farar hula ke amfani da ita. A yau mafi yawan akwatunan duniya suna kan Geocaching.com, wanda ofishinsa, Geocaching HQ, yake birnin Seattle. Kowane akwati yana da shafinsa a can, kuma babu shafin da ke fita sai wani ɗan sa-kai mai tantancewa ya karanta shi ya amince, kuma ambaton kasuwanci yana cikin abubuwan da ke yawan sa a maido wa sabon mai ɓoyo shafinsa.

Mu da muka saba kwatance da sunan gidan mai, banki ko kanti, wannan doka ta hana talla ta fi kama mu, domin abin da muke yi da zuciya ɗaya don taimakon baƙo shi ne ainihin abin da aka hana. Dabarar gaba ɗaya ita ce ka bar lambobin GPS da siffar wuri su yi aikin da sunan shago ya saba yi.

Kayan aiki

Asusu a Geocaching.com, na kyauta ya isa a ɓoye akwati. Waya mai GPS ko na'urar GPS ta hannu. Kwamfuta idan da hali, domin cike fom ɗin shafi da gyara hotuna sun fi sauƙi a babban allo; idan babu, burauzar waya ma tana yi. Ƙaramin littafi da biro don rubuta abin da ka gani a wurin. Manhajar yanke hoto, ko wadda ta zo da wayar. Suna, muƙami da lambar wanda ya ba ka izinin wurin. Sai akwatin kansa: roba mai murfin da ke kamewa sosai, littafin sa hannu a cikin leda, fensir, da rubutu a jikin robar da ke nuna cewa kayan wasan geocaching ne. Ka buɗe shafin ƙa'idojin ɓoyo na Geocaching.com a ranar da za ka yi rubutun, domin ana sabunta lafazinsu lokaci zuwa lokaci, kuma da na ranar za a auna ka.

Mataki na 1: Ka san abin da mai tantancewa ke nema

Abubuwa huɗu ne. Na farko, duk wani ƙamshin talla ko yabon haja. Na biyu, shafin da ke tilasta wa mai nema, ko ma ya ba shi shawara, ya shiga cikin wurin kasuwanci, ya yi magana da ma'aikata, ko ya sayi wani abu. Na uku, suna, tambari ko adireshin intanet na kamfani, na hajar sayarwa, ko na wani wasa ko dandalin da ke gogayya da Geocaching.com. Na huɗu, tambari ko adireshin hukumomi da ƙungiyoyi, har da waɗanda ba na neman riba ba, sai dai idan mai ƙasar ya sa hakan cikin sharuɗɗan ba da izini.

Ka lura cewa ba niyyarka ake dubawa ba, yadda shafin ke bayyana ga mai karatu ake dubawa. Ko ba ka san mai shagon ba, ko ba a ba ka ko sisi ba, sunan shagon a shafi talla ne. Dalilin dokar a fili yake: kowane shafi yana janyo mutane da ƙafafunsu zuwa wani takamaiman wuri, kuma da an bar ƙofar a buɗe, da kowane mai kanti ya ajiye roba a bakin ƙofarsa ya mai da taswirar wasan allon talla.

Akwai doka ta biyu da ke tafiya tare da wannan, wato hana amfani da shafi wajen kira zuwa wata manufa: siyasa, wa'azi, neman gudummawa ga gidauniya, ko gangamin wayar da kai. Manufar tana iya zama mai kyau ƙwarai, amma shafin akwati ba wurinta ba ne.

Mataki na 2: Ka zaɓi wuri da dokar a ranka

Rabin matsalar talla daga zaɓen wuri take farawa, tun kafin a rubuta kalma ɗaya. Ka tsaya a inda kake son ɓoyewa ka yi wa kanka tambaya uku. Mutum zai iya isowa nan ba tare da ya ratsa ta cikin shago, otal ko gidan abinci ba? Zai iya ɗauko akwatin ya sa hannu ba tare da ya nemi makulli ko izini daga ma'aikaci ba? Zai iya tafiya ba tare da ya ciro kuɗi ba? Idan amsar ɗaya ta zama a'a, ka canza wuri, domin babu gyaran rubutun da zai ceci wannan shafin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ba wa mai shago ajiyar akwatin a ƙarƙashin kanta don kada yara su ɗauke. Tunanin yana da ma'ana, amma an hana, tunda dole mai nema ya yi magana da mai shagon. Idan tsaro kake so, ka sa akwatin a waje, a jikin katanga ko gindin bishiya inda mai shagon ke iya hangowa, ka gaya masa abin da ake ciki, shi ke nan.

Wuraren da ake biyan kuɗin shiga sun kasu biyu. Wurin shaƙatawa na 'yan kasuwa da ke neman riba ba ya wucewa. Gandun daji ko wurin tarihi na gwamnati mai ɗan kuɗin ƙofa sau da yawa ana yarda da shi, amma ka tambayi mai tantancewa tun kafin ka wahala, kuma idan ya yarda ka faɗi a shafin cewa akwai kuɗin shiga, ba tare da jerin farashi ko yabon wurin ba.

A nan ne kuma za ka duba tazara: dole akwatinka ya nisanci kowane akwati da aƙalla mita 161. Ba a binne akwati a ƙasa. Ka guji jikin banki, barikin soja, ofishin 'yan sanda, makaranta da filin jirgi. A garuruwanmu roba a ɓoye kusa da irin waɗannan wurare tana iya jawo wa mai nema tuhumar da ta fi ƙarfin wasa.

Mataki na 3: Izini, da inda ake ajiye godiya

Filin ajiye motoci na kanti, harabar gidan mai da katangar kamfani duk mallakar wani ne, don haka sai da izini. Ka je wurin mai wurin ko manaja, ba mai gadi kaɗai ba, ka nuna masa akwatin, ka bayyana cewa baƙi za su riƙa zuwa jefi-jefi. Ka gaya masa tun a lokacin cewa sunan kasuwancinsa ba zai fito a shafin ba. Wannan yana da muhimmanci, domin da yawa suna amincewa ne da zaton za a tallata su, kuma gara ya ƙi tun farko da ya ji an yaudare shi daga baya.

A shafin ka rubuta: "An ɓoye da izinin mai wurin." Sunansa, sunan kasuwancin da lambarsa kuma ka sa su a saƙon da ake rubuta wa mai tantancewa, wanda jama'a ba sa gani bayan an wallafa shafin. Godiyar da al'ada ta ɗora maka ka kai masa da bakinka.

Idan wata hukumar gandun daji ko ta kayan tarihi ce ta ce sai an sa tambarinta ko adireshinta a shafin kafin ta ba da izini, ka nemi wannan sharaɗin a rubuce ka tura wa mai tantancewa. Wannan ne wurin da dokar ta yi sassauci.

Mataki na 4: Sunan akwati

Suna ne abin da ke fitowa a taswira, kuma shi ake fara gani, don haka an fi tsananta masa. Kada ka sa sunan kamfani, sunan haja ko taken tallarsu. Kada kuma ka yi dabarar juya haruffa, cire wasula ko rubuta sunan a baibai. Masu tantancewa sun saba da wannan, kuma yana sa su ƙara bin sauran shafin da ido biyu. Ka ɗauko suna daga abin da ke wurin: "Gindin Tsamiya", "Tsohuwar Rijiya", "Hangen Dala". Idan titi ko unguwa ta samo sunanta daga wani kamfani, kuma ba ta da wani sunan da aka sani, ka ambaci hakan a saƙon mai tantancewa, shi zai yanke.

Mataki na 5: Kwatance ba tare da sunan shago ba

Wannan matakin ne ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi dacewa a ba shi lokacin.

Ka fara da lambobi masu kyau, domin idan lambobin sun yi daidai buƙatar dogon kwatance tana raguwa. Ka tsaya a kan wurin akwatin na minti biyu ko uku har lambobin su daina rawa, ka rubuta. Ka yi nisa kamar mita 30, ka dawo ta wata fuskar, ka sake ɗauka. Ka yi haka sau huɗu ko biyar ka ɗauki matsakaici, idan da hali har da wani ɗauka a wata rana. Shafin yana amfani da digiri da mintuna masu lamba uku bayan ɗigo a tsarin WGS84, wato ma'aunin da GPS ke aiki da shi, kuma lamba ɗaya a gurbin ƙarshe ba ta kai mita 2 ba, don haka kuskuren kwafe lamba ɗaya a gurbi na farko bayan ɗigo yana jefa mutum kusan mita 185 daga akwatin. Kusa da dogon gini ko ƙarƙashin rumfar kwano sigina tana karkacewa. A irin wannan wuri ka ƙara yawan ɗauka.

Sannan ka yi amfani da ƙarin wuraren da fom ɗin ya tanada. Akwai gurbin lambobin wurin ajiye mota, gurbin farkon hanya, da gurbin alamar kwatance. Maimakon ka rubuta cewa a ajiye mota a gidan man wane, ka ɗauki lambobin wurin ka sa a gurbin ajiye mota, ka kira shi "Wurin ajiye mota". Wayar mai nema za ta kai shi har bakin wurin, kuma ko gidan man ya canza suna badi kwatancenka bai lalace ba. Wannan fa'ida ce ta gaske a garuruwan da shaguna ke sauya hannu da fenti kusan kowace shekara.

Inda dole sai an yi kwatance da baki, ka faɗi nau'in wurin, ba sunansa ba. "Bayan gidan mai" ya halatta, "bayan gidan man wane" bai halatta ba. "Daura da wani banki", "kusa da masu sayar da taya", "a ƙarshen layin teloli" duk suna wucewa, domin ba su nuna kasuwancin mutum ɗaya ba. Ya fi kyau ma ka jingina da abin da ba ya tashi: gada, kwalbati, turken lantarki, shatale-tale, tsohuwar ganuwa, babbar bishiya. Ka haɗa da fuska da tazara: "daga kwalbatin ka yi gabas kamar taku 40."

A kula da siffantawar da ta zama suna a fakaice. Idan ka kwatanta kalar tambarin kamfani da surarsa har kowa ya gane, ka ambace shi ke nan. Haka jimlolin da ke fitowa daga kirki, irin su "idan ka gaji akwai mai shayi a gefe, shayinsa ba a magana" ko "kada ka tafi ba ka ɗanɗana tsiren wurin ba." Babu suna a ciki, amma shawarar saye ce, kuma za a maido shafin saboda ita. Abin da za ka iya cewa shi ne "akwai wuraren cin abinci a unguwar", ko ka bar alamomin da ke cikin fom ɗin, irin na ruwan sha, banɗaki da wurin ajiye mota, su faɗi abin da ke kusa.

Gurbin ɗan hasken da ake ba wanda ya kasa gano akwati yana fitowa a rikiɗe, da haruffan da aka juya, amma mai tantancewa yana karanta shi a warware. Dokar ta shafe shi kamar sauran shafin.

Mataki na 6: Tarihi, sana'a da abubuwan nishaɗi

Shafi mai daɗi yana gaya wa mutum dalilin kawo shi wurin, kuma wani lokaci dalilin yana haɗe da kasuwanci. Ɗauki misalin akwati a kusa da marinar Ƙofar Mata ko Kasuwar Kurmi a Kano. Za ka iya bayyana yadda ake rini da baba, daɗewar sana'ar da matsayin kasuwar a fataucin Sahara, domin wannan tarihi ne. Ba za ka ce a nemi wani marini, a shiga rumfarsa ko a sayi turmi ba, kuma akwatin kansa ya zauna inda ba sai an ratsa masu sana'a ba. Idan wurin tarihin na addini ne, kamar hasumiyar Gobarau a Katsina, ka tsaya kan ginin da tarihinsa, ka kuma tabbatar masu kula da wurin sun amince.

Kamfanin da ya daɗe da rufewa, kamar tsohuwar masaƙa da ta zama kango, masu tantancewa sukan yarda a ambace shi a matsayin tarihi. Idan sunan yana aiki har yanzu a wani wuri, ka ce "tsohuwar masana'anta" kawai. Ambaton littafi, fim ko mawaƙi a matsayin jigon akwati galibi yana wucewa, muddin babu kiran a saya ko a kalla, babu kuma adireshin inda ake sayarwa.

Mataki na 7: Hotuna da adireshin intanet

Ka buɗe kowane hoto ka ƙara girmansa ka duba gefe-gefe. Allon shago, tutar kamfanin waya, tambari a jikin lema ko mota, duk suna shiga hoto ba tare da an lura ba. Ka yanke su, ko ka koma ka ɗauka ta wata fuskar. Hoton da ka ɗauko daga intanet yakan zo da tambarin mai shi, ga kuma matsalar haƙƙin mallaka. Naka ya fi.

Kowane adireshin da ka sa, ka danna shi ka ga inda ya kai. Idan shafin yana sayar da wani abu ko neman gudummawa, ka cire. Idan bayanin da ke can kake so, ka rubuta shi da kalmominka. Ga masu shirya akwatin wasa ƙwaƙwalwa, wanda sai an warware wata tambaya kafin a sami lambobinsa: kada amsar ta dogara da shiga kanti a karanta farashi, ko buɗe asusu a wani dandali, ko ba da bayanan kai. Don tabbatar da amsa, Geocaching.com yana da nasa ma'aunin a cikin fom; shi ne mafi sauƙi.

Mataki na 8: Abin da ke cikin akwati

Idan ka sa wa wanda ya fara ganowa kyauta, ka ce "akwai 'yar kyauta" ko "katin waya", ba tare da sunan kamfani ba. Kada ka cika akwatin da katin kasuwancinka, takardun talla ko na kamfe, kuma duk lokacin da ka je dubawa ka kwashe waɗanda wasu suka zuba. Ba a sa abinci, magani, ashana ko wuƙa.

Mataki na 9: Idan taro kake shiryawa

Taron 'yan wasa yana da ɗan sassauci, domin dole mutane su san inda za su haɗu. Ana iya yin sa a gidan abinci a kuma ambaci sunan wurin. Ka ambace shi a matsayin adireshi kawai: babu tambari, babu adireshin intanet, babu jerin abinci, babu yabo, kuma kada halarta ta zama sai an yi oda. Ana iya jera sunayen waɗanda suka ɗauki nauyin taron, su ma ba tambari ba adireshi. A miƙa shafin taro aƙalla kwana 14 kafin ranar, taron ya kai minti 30 ko fiye, kuma ba a lanƙaya shi a jikin wani biki ko baje kolin da wasu suka riga suka shirya.

Mataki na 10: Karatun ƙarshe da saƙon mai tantancewa

Ka bi shafin gurbi-gurbi: suna, bayani, ɗan haske, sunayen ƙarin wurare, rubutun ƙarƙashin hotuna, har da sunan da ka sa a matsayin mai ɓoyo, domin wasu kan manta sunan shagonsu ne a can. Duk sunan da ka gani ka tambayi kanka ko mai shi yana sayar da wani abu.

A saƙon mai tantancewa ka faɗi irin akwatin, yadda aka ɓoye shi, wanda ya ba da izini, da duk abin da kake shakka. Idan da Hausa ka rubuta shafin, ka haɗa da fassararsa cikin Turanci ko Faransanci, domin mai duba yankinka yana iya kasancewa a wata ƙasa, kuma ba zai wallafa abin da bai fahimta ba. Ka bayyana masa sunayen da za su iya yi masa kama da na kamfani alhali sunan unguwa ne ko na ƙofa. Yawanci ana fara duba shafi cikin kwana 7.

Mataki na 11: Idan an maido shafin

Ka karanta saƙon da kyau, ka gyara abin da aka nuna, ka amsa a kan shafin akwatin, sannan ka sake miƙawa. Idan ba ka sake miƙawa ba, shafin ba ya komawa layin dubawa. Kada ka kawo hujjar cewa ka ga wani akwati mai sunan kamfani. Ƙa'idojin sun faɗi ƙarara cewa wallafa wani shafi a baya ba ya zama hujja ga sabo. Mai yiwuwa ya fita ne kafin a canza doka, ko mai shi ya ƙara sunan daga baya. Idan har kana ganin an yi maka kuskuren fahimta, akwai hanyar ɗaukaka ƙara zuwa Geocaching HQ ta cibiyar taimakonsu, inda za ka sa lambar akwatin mai farawa da GC da taƙaitaccen bayani.

Kada ka cire suna don a wallafa sannan ka maido shi. Mai akwati yana iya gyara shafinsa bayan wallafawa, amma dokar tana nan a kansa, kuma idan aka gani ana iya dakatar da akwatin ko a rufe shi gaba ɗaya. Idan kuma hukumar yawon buɗe ido ce ko wata ƙungiya ke son amfani da wasan don jawo baƙi da sunanta, hanyarta daban ce: shirin GeoTour, wanda ake biya, kuma da Geocaching HQ ake ƙulla shi kai tsaye, ba ta hannun mai tantancewa ba.